Tambayoyi da amsoshi kan rufa asirin mahalarta a binciken ba da shawara

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai masu rubuta kundi, da malaman shawara na makarantu, da ma'aikatan ƙungiyoyi suka fi yi a Sakkwato idan bincikensu ya taɓo abin da mutum ba ya so a ji: rikicin aure, shaye-shaye, ciwon damuwa, fyaɗe, ko halin da mutane ke shiga bayan harin 'yan bindiga. Amsoshin ba sa maye gurbin hukuncin kwamitin ɗa'ar bincike. Suna nuna ƙofofin da asiri ke sulalewa ta cikinsu ne, da yadda ake toshe su.

Mene ne bambancin ɓoye suna da riƙe sirri?

Ɓoye suna na gaskiya shi ne ko kai mai binciken ba ka san wanda ya ba da amsa ba, kamar ɗalibai 200 su cika takardar tambayoyi ba suna, ba lambar rajista, kowa ya naɗe tasa ya jefa a kwali. Riƙe sirri kuwa ka san mutumin, ka ga fuskarsa, ka ji muryarsa, amma ka ɗauki amanar ba za ka bari wani ya jingina maganar gare shi ba. Duk binciken da aka yi hira gaba da gaba, ko aka auna mutum kafin zaman shawara aka sake auna shi bayansa, na biyun ne. Don haka kada ka rubuta "babu wanda zai san kai ne" alhali kai ka sani, tafintanka ya sani, mai buga hirar ma ya ji. Rubuta gaskiya: su wane ne za su sani, su nawa ne, kuma har zuwa yaushe.

Na cire sunaye duka. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma nan ne mafi yawan kundaye ke tuntuɓe. Duba irin wannan jimla da ake yawan gani a babi na huɗu: "Mahalarciya ta 7, shekara 34, malamar firamare a Kware, amarya a gidan mata uku, an yi mata tiyata bara." Babu suna a ciki. Amma duk wanda ya san garin zai ƙirga matan da siffar ta dace da su a yatsun hannu ɗaya, wataƙila ma yatsa guda ya ishe shi.

A Amurka wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta yi lissafi da alƙaluman ƙidayar 1990 ta nuna cewa kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar ana iya ware kowannensu da abu uku kacal: ranar haihuwa, jinsi da lambar yankin gidan waya. Can ke nan, inda jama'a ba su cika sanin juna ba. A nan ana gane mace da 'yar gidan wa ce, wa ta aura, wace Islamiyya take zuwa.

Gyaran shi ne a faɗaɗa kowane bayani har ya dace da mutane da yawa. Shekara 34 ta koma "tsakanin 30 da 39". Malamar firamare ta koma "ma'aikaciyar gwamnati". Sunan gari ya koma "wata ƙaramar hukuma kusa da birni", ko a ambaci mazaɓar sanata kawai, tunda jihar na da uku. Abin da ba a saba gani ba, kamar haihuwar 'yan uku, sarautar miji, ko gobarar da kowa ya ji labarinta, a cire shi gaba ɗaya in dai ba shi ne zuciyar binciken ba. Bayan haka ka sake karanta sakin layin kana ɗauka kishiyarta ce ke karantawa, ko abokin aikinta. Idan za su ce "ai wance ce", aiki bai ƙare ba.

Yaya ake tsara lambobin mahalarta?

Kowane mutum ya samu lambar da ba ta da alaƙa da shi. Ban da harufan farko na sunansa, ban da lambar rajista, ban da bin jerin rajistar aji, domin wanda ya riƙe rajistar ya riƙe mabuɗin ke nan. Rubuta lambobi a guntayen takardu, a cakuɗa, kowa ya zari ɗaya. Takardar da ta haɗa suna da lamba ita ce abu mafi haɗari a duk binciken. Ta zama kwafi ɗaya, a rubuce da hannu, a kulle ta wuri daban da inda amsoshi suke. Kada ta shiga waya, kada a ɗauke ta hoto "don ko ta ɓata".

Wasu kan ce mahalarci ya ƙirƙiri lambarsa da harafin farko na sunan mahaifiya da ranar haihuwa. A Sakkwato wannan dabara kan ba da kunya. A aji ɗaya iyaye mata masu suna A'isha, Amina da Asma'u ba su da iyaka, waɗanda aka rubuta musu 1 ga Janairu ranar haihuwa ma suna da yawa. Sai lambobi su yi karo, ka kasa haɗa gwajin farko da na ƙarshe. Kati mai lamba da mutum zai riƙe ya fi.

Takardar amincewa ai tana ɗauke da suna. Yaya za a yi da ita?

Kada a manne ta da takardar tambayoyi, kada a sa su ambulan ɗaya, kuma kada a rubuta lambar mahalarci a kanta. Ana karɓarta a sa ta jakarta daban. Wanda bai iya boko ba a karanta masa da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, ya yi dangwale, a gaban shaidan da shi ya zaɓa, ba wanda mai unguwa ya turo ba. Idan sa hannun ne kaɗai zai haɗa mutum da binciken, kuma haɗin na iya jawo masa cuta, kana iya roƙon kwamiti ya yarda da amincewar baka. Kwamiti ne ke ba da wannan dama, ba kai ke ɗaukar wa kanka ba.

Kula da kwafin da mahalarciya za ta tafi da shi gida. Takarda mai kanun "Bincike kan dukan mata a gidan aure" idan ta faɗa hannun miji, ta gama tona komai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga irin wannan bincike ita ce a gabatar da shi ga jama'a da suna marar jan hankali, kamar lafiyar mata da zaman iyali, sannan a gaya wa matar ainihin batun idan an keɓe da ita. Ta kuma zaɓa ko za ta ɗauki takardar ko za ta bar ta.

Maganar baka na iya zama haka: "Inna, abin da za ki faɗa mini ba zai je kunnen maigida ba, ba zai je kunnen kowa a unguwar nan ba. Mu uku ne kawai za mu ji, ni da mai rubutawa da malamina, shi ma ba da sunanki ba. Akwai abin da ba zan iya rufewa ba: idan kotu ta ba da umarni dole in bi, idan kuma na ga ranki ko ran wani yana cikin haɗari, ko ana cin zarafin yaro, zan nemi taimako, kuma ke zan fara gaya wa. Duk tambayar da ba ki so, ki ce a wuce."

Wane alkawari ne bai kamata in ɗauka ba?

Alkawarin cewa komai rintsi ba za ka faɗa ba. Akwai iyaka, kuma tun kafin a fara hira ake faɗinta, ba bayan mutum ya zazzage cikinsa ba. Iyakokin da aka saba su ne mutum na shirin kashe kansa, ko yana shirin cutar da wani takamaimai, ko akwai yaron da ake cin zarafinsa a halin yanzu, sai kuma umarnin kotu. Batun kare wanda aka yi wa barazana ya yi ƙarfi a wannan sana'a ne tun hukuncin Tarasoff na kotun ƙolin Kalifoniya a 1976. Ba dokar Najeriya ba ce, amma ta shiga koyarwar masu ba da shawara kusan ko'ina.

Kada ka jira sai abin ya faru a gabanka kake tunanin wa za ka kira. Rubuta tsarin a cikin takardar neman izini: wa za a fara sanarwa, cikin awa nawa, ina za a tura mutum. A Sakkwato akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma Cibiyar Nana Khadija ga waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ka je ka san ma'aikaci ɗaya a wurin kafin ka fara tattara bayanai. Ko an kai ga faɗa, a faɗi iya abin da zai ceci rai, ga wanda zai iya ceton. Sauran hirar tana nan a matsayin amana.

Wani abu da ake mantawa: a ƙarƙashin dokar laifuka ta Penal Code da aka daɗe ana aiki da ita a arewa, yunƙurin kashe kai laifi ne, shan miyagun ƙwayoyi ma doka ta hana. Wato wasu amsoshin da ke jakarka suna iya zama hujja a kan mai su. Kada ka tambayi sunan mai sayar da ƙwaya, ko wurin da ake taruwa a sha, idan tambayar bincikenka ba ta buƙata. Abin da ba ka rubuta ba, babu mai ƙwace shi a hannunka. Masu wani aikin tarihi a Kwalejin Boston sun yi wa tsofaffin mayaƙan Ireland ta Arewa alkawarin ba za a saki hirarsu ba sai bayan ransu, amma daga 2011 aka biyo ta kotu, aka karɓi wasu daga cikin kaset ɗin. Kuma idan ka ari samfurin takardar amincewa daga intanet, cire duk wata kariya da ta ambata wadda ta dokar Amurka ce. Ba ta aiki a gaban alƙali a nan.

Wace doka ce ta shafe ni?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce bayanin lafiyar mutum da maganinsa da zamansa a asibiti sirri ne, ta kuma taƙaita yanayin da za a iya bayyana shi, ciki har da rubutacciyar yardarsa da umarnin kotu. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta sa bayanin lafiya, addini, ƙabila da rayuwar jima'i cikin ajin da ke buƙatar tsaro na musamman, ta kuma nemi yardar iyaye ko waliyyi ga wanda bai kai shekara 18 ba. Ƙa'idojin binciken lafiya na kwamitin ƙasa, NHREC, sun fito a 2007, kuma su ne kwamitocin asibitoci ke bi.

Wasiƙar da ma'aikatar ilimi ko shugaban makaranta ya ba ka izinin shiga ce kawai. Amincewar kwamitin ɗa'a daban take. Asibitin koyarwa yana da nasa kwamitin, ma'aikatar lafiya ta jiha ma tana da nata. Nemi wannan kafin ka yi hira ko ɗaya, domin kwamiti ba ya sa albarka ga aikin da aka riga aka gama.

A ina ya kamata a yi hirar?

Inda za a gan ku amma ba za a ji ku ba. Ofishin da aka rufe yana da kyau a takarda, sai dai a zafin Afrilu tagogi a buɗe suke, masu jiran layi kuma a jikin bango suke zaune. Sau da yawa kujera biyu a ƙarƙashin darbejiya, taku 20 ko 30 daga mutane, sun fi ofishin. Gwada da kanka: wani ya yi magana da muryar da aka saba, kai ka tsaya inda masu wucewa ke bi.

A gidan aure, mace ce za ta shiga, kuma kada ta kasance 'yar unguwar. Tsakar gida ba wurin hira ba ne. Yaron da ya iya magana ya iya kai rahoto, don haka wanda ya wuce shekara 2 a nema masa abin da zai ɗauke masa hankali a waje. Mai hira ta riƙe wasu tambayoyin ko-ta-kwana kan abinci ko zazzaɓin yara, ta gaya wa matar tun farko cewa da zarar wani ya yi sallama za ta juya kansu. Mace ɗaya ake yi wa hira a gida ɗaya. Idan aka yi wa biyu, kowacce ta san abin da aka tambayi 'yar'uwarta. Motar da ke ɗauke da tambarin ƙungiya kuma a bar ta nesa.

A makaranta, yadda aka zaɓo mutum ma tonon asiri ne. Idan aka kira sunaye 12 a taron safe aka ce su ga malamin shawara, makaranta duka za ta tambayi me suka yi. Gayyaci aji gaba ɗaya su cika takardar farko, sannan a tuntuɓi waɗanda ake so ɗaya bayan ɗaya, a lokuta daban. Takardar karɓar kuɗin mota ma haka: idan jeri ɗaya ne, na goma ya karanta sunayen tara da suka riga shi. Kowa da guntuwar takardarsa.

Shugaban makaranta ko mai unguwa ya ce in gaya masa abin da aka ce. Shi ya ba ni izini, yaya zan ƙi?

Tun ranar neman izini ake kashe wannan magana, kafin a sami abin tambaya. Ka ce: "Ranka ya daɗe, idan na gama zan kawo maka rahoton abin da aka samu a dunƙule, da shawarwarin da za su amfani makaranta. Amma wane ya ce kaza, wannan ba zan iya ba, don da sharaɗin haka aka ba ni izinin aikin." Mutanenmu sun san hadisin da ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Da wuya dattijo ya matsa bayan an tuna masa wannan cikin ladabi.

Miji ko uba da ya ba da izini haka nan ne. Izininsa na shiga ne, ba na sauraro ba. Ga yara, a rubuta wa iyaye a fili cewa ba za a nuna musu amsoshin ba sai in akwai haɗari, yaron shi ma a nemi yardarsa da bakinsa.

Ni ne malamin shawara a wurin. Zan iya amfani da fayilolin waɗanda suke zuwa wurina?

Ba tare da sabon izini ba, a'a. Wanda ya zo neman taimako bai zo don ya shiga kundinka ba. Kuma da wuya ya iya ce maka a'a, tunda yana buƙatarka. Bari wani abokin aiki ya gabatar masa da batun, ya tabbatar masa ƙin shiga ba zai rage komai daga kulawar da yake samu ba. Raba littafin zaman shawara da na bincike. Idan labarin mutum guda za ka rubuta dalla-dalla, nuna masa rubutun kafin ya fita, domin shi ya fi kowa sanin abin da danginsa za su gane shi da shi.

Da wayata nake naɗar hira. Ina matsalar?

Matsalar ita ce inda wayar ke zuwa bayan hirar. Tana kwana a shagon caji idan an ɗauke wuta. Tana zuwa wurin mai gyara, wanda abin da zai fara nema shi ne a cire masa makulli. Yara na kallo da ita da dare, aboki na karɓa ya tura waƙa ta Xender. Wasu wayoyin kuma suna ɗora fayiloli kan Google Drive da kansu ba tare da ka sani ba.

Rikoda daban, ko waya ta biyu marar layi, ita ta fi. Kada a kunna ta sai an gama gaisuwa da gabatar da kai. Fara da lambar mahalarci da kwanan wata, ka roƙe shi ya ce "maigidana" ko "wani malami" maimakon sunaye. Ranar da aka yi hirar a kwashe fayil ɗin zuwa kwamfuta, a saurari farkonsa da ƙarshensa don tabbatar ya kwafu, sannan a goge na rikodar. Kalmar sirrin buɗe kwamfuta kaɗai ba ta isa ba, domin wanda ya ciro faifan ajiyar ya karanta komai. A rufe bayanan da manhajar kulle bayanai irin BitLocker ko VeraCrypt, ko a naɗe su da manhajar 7-Zip a zaɓi tsarin kullewa na AES-256, da kalmar sirri mai harafi 12 ko fiye wadda ba sunan ɗanka ba ce. Kwafin ajiya ɗaya a filashi, shi ma a rufe. Sunan fayil lamba ce kawai.

Wanda ke ganin wannan ya yi yawa ya tuna da cibiyar Vastaamo ta ƙasar Finland. A 2020 aka gano an sace bayanan zaman shawara na dubban mutane a can, ɓarawon kuma ya riƙa aika wa marasa lafiyar saƙo su biya kuɗi ko ya watsa.

Idan za ka kira mahalarciya, ka ɗauka wayar ta gida ce. Ku shirya tun farko wane lokaci, da me za ka ce idan wani ya ɗaga. Kada ka ajiye lambarta da suna mai nuna batun binciken, domin wasu manhajojin nuna mai kira suna kwashe jerin lambobin waya.

Wa ya halatta ya buga mini hirar ko ya fassara ta?

Kai da kanka, in da hali. Shagon buga takardu shi ne babbar kafa: fayil ɗinka na zama a kwamfutarsu bayan ka tafi, shafukan da suka lalace kuma a kwando suke ƙarewa, daga nan wani lokaci sai wurin mai ƙosai ko mai gyaɗa. Idan dole ne ka ɗauki mai bugawa ko tafinta, ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, ya yi aikin a kwamfutarka, da abin sauraro a kunne, kuma kada ya fito daga garin da aka yi hirar. Gaya masa idan ya gane muryar wani ya tsaya nan take ya sanar da kai. Ana cire sunaye ne yayin bugawa, ba daga baya ba.

Manhajojin intanet masu mayar da murya rubutu, da masu fassara, suna ɗora abin da ka ba su kan kwamfutocin wani kamfani. Idan takardar amincewa ba ta faɗi haka ba, kwamiti kuma bai yarda ba, kada murya ko ɗanyen rubutu su shiga can.

Tattaunawar rukuni fa?

A nan ba ka da ikon rufe bakin kowa. Mutum 6 zuwa 10 ne a zaune, kuma gobe za su haɗu a biki. Faɗa musu haka a fili, ka roƙe su abin da aka ji ya tsaya a ɗakin. Tambayi yadda abu yake a unguwa, kada ka tambayi abin da ya sami mutum shi kansa. Kada a haɗa kishiyoyi, ko suruka da matar ɗanta, ko malami da ɗalibinsa. Fyaɗe da dukan aure ba batun rukuni ba ne.

Google Forms, KoboToolbox ko WhatsApp, wanne ya fi?

Kowanne da tarkonsa. A Google Forms kashe karɓar adireshin imel, ka kuma duba kada masu amsawa su iya ganin taƙaitaccen sakamako. A KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi, kada ka sa tambayar da ke ɗaukar wurin da ake tsaye, domin GPS na kai mutum har ƙofar gida, kuma kada a bar aikin a buɗe ga kowa. Zauren WhatsApp na mahalarta kuwa kada ma a buɗe shi: kowa na ganin lambar kowa da hotonsa, layin waya kuma a haɗe yake da lambar NIN.

Bincikena a kan 'yan gudun hijira ne daga gabashin jiha. Akwai ƙari?

Akwai, kuma ya fi komai nauyi. Ga wanda ya baro Isa, Sabon Birni, Rabah ko Goronyo, kuma yana da dangi a can, a ce ya ba da labarin 'yan bindiga na iya zama sanadin rai. Kada a rubuta sunan ƙauye, ko ranar hari, ko adadin kuɗin fansa, ko sunan wani jagoran daji da ya ambata. Ban da hoto, ko na baya ne, domin ana gane zane da mayafi. Idan mutum ya ji tsoron rikoda, a ajiye ta a rubuta da hannu. Matar da aka sace aka dawo da ita, sau da yawa danginta ma ba su san duk abin da ya faru ba, saboda haka kada a ware "waɗanda aka taɓa ɗauka" a kira su gefe a gaban jama'ar sansani.

Me zan duba kafin in miƙa kundi?

Maganganun da ka ɗauko kai tsaye tukuna. Karin harshe na nuna gari, wata kalma kuma ta mutum ɗaya ce, kowa ya san shi da ita. Daidaita lafazin ba tare da sauya ma'ana ba, ka bayyana a babi na uku cewa ka yi haka. Kada ka jera maganganu biyar a ƙarƙashin sunan aro guda idan haɗuwarsu za ta zana mutumin. A jadawali, duk gurbin da ya gaza mutum 5 a haɗe shi da na kusa: "malama mace 1" a makarantar da mace ɗaya ce ke koyarwa suna ne.

Sai wuraren da ido ba ya zuwa. Shafin godiya, inda ake gode wa shugaban makarantar da aka ɓoye sunanta a ciki. Rataye, inda ake manna wasiƙar izini mai tambari da hatimi. Allunan ranar kare kundi masu hotunan fili. Fayil ɗin Word da ke riƙe da tsofaffin gyare-gyare, da na Excel ko SPSS da aka ɓoye layin sunaye maimakon a goge shi. Kundi na zuwa laburare, yanzu kuma da yawa na hawa intanet, magana kuwa zarar bunu ce.

Waya ta ɓata, ko takardu sun fita. Me zan yi?

A ranar ka sanar da malamin da ke duba aikinka da kwamitin ɗa'a, a rubuce: me ya ɓata, bayanan mutum nawa, a rufe suke ko a buɗe. Sauya kalmomin sirri, ka goge wayar daga nesa idan an saita hakan. Dokar 2023 ta ba da awa 72 a sanar da NDPC idan ɓarakar na iya cutar da mutane, ta kuma ce a gaya wa su masu bayanan ba tare da jinkiri ba idan haɗarin babba ne. Cibiyarka ce za ta jagoranci wannan, shi ya sa ɓoye mata ya fi ɓatan muni. Wajen sanar da mahalarta a bi hanyar da aka shirya da su tun farko, kada garin gyara a aika saƙon da miji zai karanta.

Yaushe ake lalata bayanan?

Ba lokaci ɗaya ba. Takardar da ta haɗa suna da lamba ita ke fara tafiya, da zarar an gama haɗa gwajin farko da na ƙarshe kuma wa'adin janyewa ya wuce. Muryoyi na biye, bayan an gwada rubutun da su an tabbatar ya yi daidai. Rubutun da aka tsabtace da takardun amincewa ana riƙe su iya shekarun da kwamiti ya amince, tunda mai jarrabawa ko mujalla na iya neman gani.

Takarda a ƙona ta a gabanka, a motsa tokar, domin damin takardu ba ya cinyewa har tsakiya. Fayil kuwa gogewa kawai ba ta kashe shi. Duba kwandon shara na kwamfuta, da akwatin saƙonnin imel da ka aika, da Drive, da tsohon filashi. Idan za ka sayar da kwamfutar ko wayar, a rufe bayananta tukuna sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, katin ajiya kuma a cire shi a karya. Rubuta ranar da aka lalata kowane abu da sunan wanda ya shaida, ka ajiye wannan takardar tare da wasiƙar kwamiti.